Ranar da Jatau Ya Sha Kanwa

Yaran garejina sun sha tambayata labarin ƙullin fatar nan da ke rataye a ƙusa, sama da inda muke jera kile, wato sifanonin kwance noti. Wasu sun ce laya ce ta jawo ciniki. Ɗaya ya ce ta kama ɓarawo ce, shi ya sa bai taɓa ɗaukar ko allura a nan ba, tun ranar kuwa na ƙara sa masa ido. To ba laya ba ce. Kanwa ce, jar kanwa irin wadda ake ba shanu. Tunda na ji ku yaran kuna cewa gyaran ƴar tarakta ba wani aiki ba ne, kwance wannan ɗaura wancan, bari ku ji yadda ta zo nan. Na rubuta ne don ban iya doguwar magana a gaban mutane ba, tun ina ƙarama haka nake.

Shekarar da fari ya kai maƙura ina ƴar lakwal, wato makarantar boko, ban kai shiga kwaleji ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye bai fitar da kai ba. Duk wanda ya bi hanyar Takieta sai ya dawo da labarin shanun da suka kwanta a bakin hanya ba su sake tashi ba. Kawuna Ilu, ƙanen mahaifiyata, yana da gareji a Zango, cikin Zinder: rumfar kwano ce, da wata tsohuwar kamyo, babbar motar kaya, da mai ita ya bari ya yi tafiyarsa. Yaransa masu koyon aiki duk sun bi ta daji sun tafi Kano neman abinci, sun bar shi da kile da ƙudaje. Ni ake aikowa da tuwonsa in an tashi lakwal, tuwon jar dawar nan ta taimako mai zama a ciki kamar tubali. In na ajiye kwano sai in hau wata tsohuwar taya in zauna ina kallo har ya gama ci ya koma aiki. Ba na cewa uffan, don haka ya sa mini suna Uwar Surutu.

Wata rana wani ɗan ƙarfe mai kamar zobe ya suɓuce masa ya faɗa cikin bwat, wato akwatin giya. Ya sa hannu, hannu ya ƙi shiga. Ya sa waya, ya sa maganaɗisu, ya yi wa ƙarfen zagin da ba zan rubuta ba. Can sai ya juyo ya dubi hannuna yadda mai sayen akuya yake duban cinya, ya ce in naɗe hannun riga. Na lalubo zoben a bayan wani haƙori, na miƙa masa, na koma kan tayata. Washegari na tarar ya rage mini tsohuwar rigarsa ta aiki, duk da haka ta sauko mini har ƙauri. Mahaifiyata ta yi ta faɗa, daga baya ta ce gara ta san inda nake da in riƙa yawo a layin rabon dawa.

Gyaran mota ya mutu a shekarar, don ba mai abin zuwa ko'ina. Abin da ya riƙe garejin shi ne ƴan taraktocin lambu. An ce kowa ya koma noman rani, duk inda ke da kwari mai ruwa kusa aka haƙa rijiyoyi, wata ƙungiyar taimako kuma ta raba wa wasu ƙauyuka waɗannan injuna. Kowace ƙafa biyu gare ta, mutum yana bin ta a baya riƙe da ƙahoni biyu kamar mai bin garma. Ba ta da igiyar roba ba ta da sarƙa. Daga inji zuwa ƙafafu zuwa faratan da ke karce ƙasa, haƙori ne yake tura haƙori, dukansu a kulle cikin bwat suna wanka da mai. Irin wannan in an kula da ita sai ta fi mai ita daɗewa. In kuwa haƙori ɗaya ya ɓalle, sai ya bi sauran ya kakkarya su, ga shi a lokacin iyaka a rufe take, ba inda za a samo wani.

Kawu bai fara mini da kile ba, da hanci ya fara, don nasa hancin garin taba ya kusa gamawa da shi. Man bwat mai kauri ne kamar zuma, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma wannan warin shi ne lafiyarsa. In ya yi ƙauri, an ja ta da mai kaɗan. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga. In ka murza shi tsakanin yatsu ka ji yana ƙaras-ƙaras, ƙasa ta sami hanya. Bayan hanci sai kunne. A dafa bakin turnabis, wato sukudireba, a jikin bwat, a kara ƙotar a kunne. Mai lafiya tana gunaguni ne a hankali kamar tsohuwa tana jan carbi. Marar lafiya kamar ana tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Sannan sai tabarma: duk abin da ka ciro ka ajiye shi a jere daga dama zuwa hagu, fuskar da ta fara fitowa tana duban sama, don akwai wasu ƴan faifai masu sirantakar farce da in ka juya ɗaya sai giya ta riƙa tsalle. Ku da kuke zuba komai cikin bokiti ɗaya kuna cewa za ku tuna, na ga abin da kuke tunawa.

Juwan, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin murfi da jiki don kada mai ya tsiyaye, ba a sayen sa a lokacin. Kwalin sukari muke ɗorawa a kan murfin, a bi gefe da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa a hankali har ƙarfen ya yanke kwalin da kansa. Wannan aikin ya zama nawa, don yana son mutumin da ba ya gaggawa kuma ba ya hira.

Masu kawo aiki kuwa iri-iri ne. Wani mutumin Tirmini ya kawo mana bwat ɗinsu a wargaje cikin ƙwarya, ya rufe da faifai kamar ya kawo fura, wai ya kwance ne don ya rage wa Kawu wahala. Muka yini muna haɗawa abu ɗaya ya ƙi cika. Sai da la'asar ya zaro shi daga aljihu, ya ce shi ne ya fi ƙyalli, ya ɓoye don kada a musanya masa. Wani kuma sandar giyarsa tana fita da kanta, sai ya ɗaure ta da igiyar guga ya ci gaba da aiki. Da Kawu ya tambaye shi yadda yake komawa baya, ya ce shi bai taɓa komawa baya ba, zagayawa yake yi.

Amma aikin da ya kawo kanwar nan na wani ƙauye ne a ƙasar Hamdara. Sun aiko cewa taraktar lambunsu ta ƙi shiga giya, ga irin dankali ya iso har ya fara tsiro a cikin buhu. Man bwat ya ƙare a kasuwa kaf, sai Kawu ya shiga ƙarƙashin tsohuwar kamyon nan ya tsiyaye na gadar bayanta, inda ƙafafun baya suke haɗuwa. Ya nemi tsumman tacewa bai samu mai tsabta ba, ya dubi kaina. Haka kallabina na lakwal ya tafi, har yau ban ga madadinsa ba. Ranar Lahadi da sassafe ya ɗora ni a bayan mobilet, ɗan babur ɗinsa, jakar kile a cinyata, galan ɗin mai a ɗaure a gefe, muka kama hanya.

Mai kula da taraktar wani dogon tsoho ne, Baba Kyari. Kafin fari yana da shanun huɗa biyu da aka sani har garuruwan maƙwabta, aka ce kunyar da yake ja ko da igiya ba a miƙe ta haka ba. Fari ya ɗauke ɗaya. Ɗayan sai da ya sauke jinkar ɗakinsa ya ciyar da shi da ita, shi ma ya tafi. Da tarakta ta zo, maigari ya damƙa masa ita. Baba Kyari ya yi mata rumfa a daidai turken shanunsa, yana share ƙarƙashinta kowace safiya, yana lulluɓe ta da bargo. Jan fenti gare ta, don haka ya sa mata suna Jatau. Duk gari suna cewa ita, shi kaɗai yake cewa shi. Manibel, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ake murzawa a tayar da inji, a kafaɗarsa take kwana take tashi, ya yi mata maratayi kamar sandar makiyayi. Wanda ke da manibel shi ke da tarakta.

Akwai kuma Sallau, ɗan ƙanen maigari, saurayi mai agogon hannu da ba ya tafiya. Ya taɓa yin yaron mota na ɗan lokaci, don haka shi ake ba ƙahonin in gwiwoyin tsohon sun gaji. Sallau yana son manibel ɗin nan kamar me. Kafin mu kwance kaya ya riga ya gaya mana komai: tsoho yana hira da ƙarfe, tsoho ya hana a tayar da ita kwana da kwanaki wai Jatau ba shi da lafiya, iri yana ruɓewa, mutane suna kallon rijiya ba abin ba ruwa. Wannan na ƙarshe gaskiya ne. Na ga buhunan a gindin gawo, tsiron dankalin ya huda algarara ya leƙo waje, fari fat kamar tsutsa.

Maigari yana zaune a tabarma a nan gindin gawon, gari duk ya taru. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Ilu, ka duba da kyau. In ciwon daga Allah ne, shi ke nan. In daga mai kiwo ne, yau manibel za ta canja kafaɗa."

Kawu ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ƙarfe zan tambaya, shi kuwa ba shi da dangi a garin nan."

Baba Kyari ya miƙe. Ya je ya yaye bargon da kansa, ya ninke, ya tsaya a gefe ya dafa ƙaho ɗaya.

Ban taɓa ganin tarakta mai tsabtar wannan ba, har tsakanin faratanta an sosa. Amma da na tsuguna zan shimfiɗa tabarma sai na ga layin tururuwa. Sun hau ta ƙafar hagu, sun bi jikin bwat, sun taru a murfin da ake zuba mai. A garejinmu ko ƙuda ba ya sauka a kan man bwat, balle tururuwa ta yi masa layi. A gefen murfin kuma akwai wani farin busasshen abu, kamar wanda yake fitowa a bayan sabuwar randa. Na gani, na yi shiru, don akwai maza fiye da yadda zan iya ɗaga kai a gabansu.

Kawu ya gwada sandar giya, ta yi nauyi kamar an dasa ta a laka. Ya kwanta ya kwance ƙusar ƙasa, ya tara kwano. Ba abin da ya fito. Ya jira, ya leƙa, ya zura waya ya jujjuya. Sai ga wani abu ya fara sulalowa a hankali, launin toka-toka, mai kauri kamar kunun da ya kwana. Mutane suka matso. Kawu ya lakata ya kai hanci, ya shaƙa, ya sake shaƙa, na san ba abin da ya ji. Ya ce wannan dai ruwa ya shiga, amma shi bai taɓa ganin ruwa ya daskarar da mai haka ba. Sallau ya dubi maigari, ya dubi manibel.

Muka cire murfin sama, aka ce Uwar Surutu ta sa hannu. Na zura har gwiwar hannu ina kwasowa ina zubawa a sakaina. Abin yana da santsi irin wanda ba na mai ba, kuma a ƙarƙashin warin ƙwai akwai wani ƙamshi da duk ɗan Damagaram ya sani: ƙamshin ƙuli-ƙuli. Da sakainar ta cika na koma gefe, wata mata ta ɗiga mini ruwa kaɗan daga buta, don ruwa ba na wasa ba ne a lokacin. Na murza hannuwa sai ga kumfa. Baƙin da ya yi watanni a ƙarƙashin farcena, wanda mahaifiyata ta goga da toka ta gaji, ya fita tas. Kakata tana dafa sabulu a gida, na sha riƙe mata muciya, na san abin da yake faruwa in mai ya haɗu da ruwan kanwa a kan wuta aka yi ta juyawa. Bwat kuwa in tana aiki ga zafi ga juyi, ta fi kowace muciya.

Na je na ja gefen rigar Kawu, na buɗe masa tafukana. Ya dube su, ya dubi kumfar da ke ƙasa. Na ce a kunnensa, "Man gyaɗa ne da kanwa." Iyakar maganar da na yi ke nan a garin.

Kawu ya kankare farin abin nan na bakin murfi da farce, ya ɗora a harshe, ya tofar. Ya sake kwanciya ya shafa gindin ƙafar hagu, ya ga inda juwan ya saki, man asali ya daɗe yana tsiyayewa ta nan. Ya sa na juya haƙoran ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a hasken rana. Tsatsa ta fara hawa, amma ba wanda ya ɓalle. Da ya miƙe sai na ga gefen gashin bakinsa yana rawa, na san akwai wanda zai sha tsiya.

Ya fuskanci maigari ya ce kafin ya faɗi ciwo, akwai wani mai basira a garin nan da yake so ya yi wa godiya. Ya ce man taraktar ya zube ta ƙasa ba a sani ba, da an ci gaba da jan ta a bushe da tuni haƙoran sun cinye juna, amma wani ya lura ya zuba mata man gyaɗa. Ya ce a wannan shekara mutum ya sami man gyaɗa bai kai bakinsa ba ya ba inji, ai ba ƙaramin mutum ba ne, ya kamata a san shi.

Sallau ya gyara agogo ya matso gaba. Ya ce shi ne, ba ya son faɗa ne kawai. Ya ce kwalbar innarsa ce ya ɗauko. Daga bayan taro wata murya ta mace ta ce ashe nan kwalbarta ta tafi, ita da ta yi ta zargin kaji da jikoki.

"Madalla da kai," in ji Kawu. Ya ɗauki sakainar ya miƙa masa. "Riƙe, rabin sabulun nan naka ne. Saura mai ɗaya rabin."

Kawu ya sa aka ɗiga masa ruwa, ya wanke nasa hannu da abin a gaban kowa, kumfa har wuyan hannu. Wasu suka fara dariya, wasu ba su gane ba tukuna. Kafin Kawu ya ƙara wata magana, Baba Kyari ya saki ƙahon ya tako tsakiya.

"Ba sai an nema ba. Ni na ba shi kanwa."

Ya yi bayani a tsaye, maigari yake kallo ba kowa ba. Ya ce ya ji muryar Jatau ta canja, yana nishi in ya shiga ƙasa mai tauri, jikinsa yana zafi fiye da da. Kowane sa in ya yi haka a tsakiyar rani kanwa yake nema, wannan ko yaro ya sani. Yana da ragowar jar kanwa ta Mangari da ya saya wa shanunsa ba su kai ga shanye ta ba, sai ya jiƙa ta a ƙwarya, ya tace, ya ɗura masa ta baki. Kwana na farko Jatau ya yi shiru kamar ya ji daɗi. Daga nan sai muryar ta koma wata iri da bai taɓa ji ba, shi kuwa ba ya ɗaura wa marar lafiya garma ko da gari zai zage shi. Da ya gama sai ya sauke manibel daga kafaɗa, ya ajiye ta a bakin tabarmar maigari, ya ja baya.

Dariyar ta mutu. Sallau yana riƙe da sakaina, ya rasa inda zai ajiye ta.

Maigari ya tambayi Kawu cikin biyun wanne ya ɓata ta. Kawu ya ce man gyaɗa shi kaɗai da sannu zai yi danƙo ya kama haƙora, ruwan kanwa shi kaɗai da sannu zai cinye su da tsatsa, su biyun tare kuwa ga abin da suka dafa, don haka in ladan sabulu za a raba a raba daidai. Sannan ya ce amma shi ba wannan ya fi damunsa ba. Ya kira maigari ya leƙa cikin bwat da idonsa, ya nuna masa inda haƙoran suka fara yin shuɗi don zafi.

"Ranka ya daɗe, da an ƙara mata yini ɗaya a gona, da yau amalanke za ku nema a kai ta bola. Wa ya ce a tayar, wa ya hana?"

Kowa ya san da bakinsa a cikin masu cewa a tayar.

"Zuba mai ana koya wa mutum kafin ya gama cin goro," in ji Kawu. "Kunnen tsohon nan ne ba ni da inda zan sayo muku."

Maigari ya daɗe yana duban manibel. Ya ce a fara gyarawa tukuna.

Mun yini a kai. Muka fito da haƙoran duka muka jera a tabarma, muka wanke su da gazuwal, wato man dizal, na bi tsatsar da takardar goge ƙarfe har suka yi haske. Cikin bwat ɗin sai da muka ɗauraye shi muka sake ɗaurayewa, don sabulu yana ɓuya a lungu. Aka nemo kwalin sukari a gari aka rasa, sai malamin lakwal ɗinsu ya ba da bangon wani tsohon littafi, na ƙwanƙwasa juwan biyu a kai. Sallau Kawu ya ba aikin riƙe kwanon gazuwal, duk wanda ya wuce sai ya tambaye shi ko akwai sauran sabulu na sayarwa. Baba Kyari yana tsugune kusa da ni tun farko har ƙarshe. Duk haƙorin da na ɗauka sai ya karɓa ya jujjuya, ya shafa da babban yatsa, ya mayar mini daidai fuskar da ya karɓe shi. Ba a gaya masa ba, gani ya yi.

Da muka rufe muka zuba man kamyon nan har ya leƙo ta ƙusar gefe, Kawu ya ce a tayar. Manibel tana nan a bakin tabarma inda aka ajiye ta. Maigari ya ɗauka, ya auna nauyinta a hannu, ya ce shi dai bai iya murza wannan abu ba, Kyari ya zo ya karɓi kayansa. Tsohon ya murza, inji ya kama, Kawu ya sa giya da yatsa biyu ta shige. Na dafa turnabis na kara a kunne, sannan na miƙa wa Baba Kyari ƙotar. Ya saurara ido a rufe, ya gyaɗa kai. Kafin la'asar ta yi sanyi ya ja kunya ta farko daga rijiya zuwa shinge, mata suna bin sa da ƙoren dankali.

Kafin mu tafi Kawu ya zaunar da shi ya yi masa karatu da yaren da yake ji. Ya ce Jatau sa ne, ba musu, amma san wata ƙasa ne, cimarsa daban. Kowace safiya a buɗe ƙusar gefe a ga mai ya kai, kamar yadda ake duba dasashin sa. A wanke matatar iska, hancinsa ke nan. A duba ƙasan turke, in an ga ɗigo ko guda a aiko Zinder. Kada a canja giya yana cikin tafiya, kamar yadda ba a juya sa da ƙarfi a tsakiyar kunya. Ta baki kuwa kada a ba shi komai sai abin da ya fito daga hannun Uwar Surutu. Baba Kyari ya maimaita duka. Ya tambaya ko da gaske ba ya shan kanwa sam. Kawu ya ce sam. Tsohon ya ce to, amma a yadda ya faɗe ta na san maganar ba ta zauna masa ba.

Taraktocin da aka raba a shekarar na ga ƙarshen kusan dukansu a garejin Kawu, wasu ba su ga damina biyu ba. Jatau ya yi aiki har na gama lakwal, har na yi aure, har Kawu ya bar mini kile ya koma zaman ƙofar gida yana zagin masu wucewa. Ni nake zuwa yi masa canjin mai. Sallau ma daga baya ya zama gwanin ja, sai dai har ya yi furfura Mai Sabulu ake ce masa.

Zuwana na farko bayan wannan rana, da sanyi, na yaye bargo sai na ga ƙullin fata a ɗaure a ƙahon dama, yana lilo daidai saitin murfin mai. Na taɓa, na ji tauri, na sansana. Na buɗe bwat da sauri na lakato mai. Zuma ce, da warinta na ƙwai, ba kumfa ba tururuwa. Na ɗago na dubi Baba Kyari, na dubi ƙullin.

Ya ce, "Ban ba shi ba, ƴata. Na yi wa kawunki alkawari. Na dai rataya masa kusa, in ya matsu ya lasa da kansa."

Bayan rasuwarsa, da Jatau ya tsufa har ba abin da za a ƙara yi masa, ɗan Baba Kyari ya kawo mini shi a amalanke in ciri abin da zai yi amfani. Haƙoran bwat ɗin suna nan lafiya, biyu daga ciki suna aiki a wata tarakta har yanzu. Ƙullin na kwance na rataya a ƙusar nan. Na auna shi a hannu ranar, kuma in za ku tambaye ni, ya ɗan rage nauyi a kan yadda na san shi.